Wankan Iya Tasalla

Tabon nan da ke hannuna na dama, wanda kowannenku ya taɓa ɗora wa yatsa yana ƙarami ya tambaye ni, ba ƙunar man ƙosai ba ne kamar yadda na riƙa gaya muku. Haƙoran kakarku ne, Iya Tasalla, mahaifiyar babanku. Na kuma san abin da ake faɗa a danginku na wajen uba, wai asiri na yi wa tsohuwa ta kwanta mini, sannan na bi ta kanta na shige gidan ɗanta. Waɗanda suka fara faɗa sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, amma maganar ba ta bi su kabari ba. Bara a wurin biki na ji ta a bakin yarinyar da ko uwarta ba a haifa ba a lokacin. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce gara ku ji daga bakina tun ina iya jera magana.

A shekarun hamsin da 'yan kai, kafin Turawa su tafi, mijina na fari ya rasu. Da na fita takaba sai na koma hannun ƙanwar mahaifiyata, Inna Kande, a Unguwar Kanawa. Kaduna a lokacin garin baƙi ce, duk wanda ka tambaya sai ya ce maka gida Kano, gida Zazzau, gida Bida. Akawuna da masinjoji suna zaune a kwatas ɗin gwamnati, ciki da falo, babu wurin ajiye tsohuwa, balle wadda ta fara gigin tsufa. Inna Kande kuwa tana da gida mai fili da jerin ɗakuna, mijinta ya mutu ya bar mata, ba ɗa ba jika. Wani ma'aikaci ya kawo mata uwarsa wai kafin ya sami wuri, wani ya ji ya kawo tasa, a hankali unguwa ta sa wa gidan suna Gidan Tsofaffi. Inna ba ta son sunan, amma ba ta taɓa mayar da tsohuwa daga ƙofa ba. Ni ce mai daka da wanki da taya ta yi musu wanka.

Babanku akawu ne a lokacin, yana zaune a Doka shi kaɗai, matarsa ta rasu wurin haihuwa. Shi da yayarsa, Yaya Rabi ta Abakpa, suka kawo mana mahaifiyarsu wata Lahadi da hantsi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce Bakatsiniya, siririya, sai dai tana da manyan hannuwa kamar na namiji. Inna ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta dubi Yaya Rabi.

“Tana duka?”

“Haba Inna, ko ƙuda ba ta kashewa.”

“Da tana da ƙarfinta wace sana'a take yi?”

Yaya Rabi ta saci kallon ƙanenta, shi kuma ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hularsa.

“Daddawa take sayarwa.”

Da suka tafi Inna ta ja ni gefe ta ce, “Dije, kin ga kallon nan da suka yi wa juna? Akwai lauje cikin naɗi. Sa ido.”

Sun bar mana akwatin ƙarfe. Babanku, a nasa tunanin na ɗa nagari, ya shiga kanti ya yanko mata farin alawayyo aka yi mata zannuwa da mayafai, wai tsohuwa fari ya dace da ita. Ya zuba kafur a ƙasan akwatin don kada ƙwari su ci. Ko daga tsakar gida aka buɗe shi sai ka ji ƙamshin ya bugi hanci.

Kwanakin farko har na fara cewa Inna ta cika zargi. Iya Tasalla tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa, kowa ya wuce ta ce masa “ɗiyata”, har da mai kawo mana itace. Ba ta gane ɗanta ba, “Malam mai keke” take ce masa, amma tana yi masa fara'a. Rigima ta fara ne ranar da muka ce za mu yi mata wanka. Gwiwoyinta sun ƙage, ba ta iya tsugunawa, don haka muka yi mata yadda muke yi wa duk tsohuwar da ba ta iya zama da kanta. Inna mace ce mai tsari da tsoron Allah. Za ta shimfiɗa tabarma a makewayi, a kwantar da tsohuwa rigingine, a lulluɓe ta da zane don sutura, a kawo ruwa mai ɗumi. Ta kan fara yi mata alwala da hannunta don ta tashi da tsarki, sannan ta wanke ɓangaren dama kafin hagu. Kuma ba a magana, don Inna ta ce makewayi ba wurin surutu ba ne. Haka muka yi. Na ɗauko farin zane daga akwatinta na rufe ta. Jikinta ya sandare, idanunta suna bin hannun Inna. Da ruwa ya taɓa fuskarta sai ta ƙwalla wata irin ƙara, ta hankaɗe Inna ta faɗa kan ƙwarya, ta cafki hannuna ta kafa haƙori. Sai da aka matse mata hanci ta saki. Jinina ya ɓata farin zanen.

Daga ranar gidan ya cika da zargi, kowa yana kallon kowa ta wutsiyar ido. Ni na ce Yaya Rabi mahaukaciya ta kawo mana ta yi mana ƙarya. Inna kuma ta fara zargina, don wata rana na ji ta tana tambayar maƙwabciya ko na taɓa mintsinin tsohuwar a ɓoye. Abin ya yi mini zafi har na kwana biyu ba na cin tuwonta. Ita kuwa Iya Tasalla ta daina karɓar abinci daga hannunmu sai ta sansana, in ta ga mun haɗa kai ni da Inna muna magana ƙasa-ƙasa sai ta jawo muciya ta ajiye kusa da ita. Wanka kuwa dole ne, don wani lokaci tana ɓata jikinta. Sai mun kira mata biyu daga maƙwabta sun danne ta, tana shuri tana tofa mana yawu, a fito kowa da yakushi. Wuyan hannunta duk ya yi shati.

Babanku ya ga shatin wata Lahadi. Yana durƙushe gabanta a zaure ta riƙe masa gefen riga.

“Malam, kai da ka yi karatu, ka hwaɗa masu da sauran raina. Mi na yi masu?”

Ya ɗago ya dube ni. Ban manta kallon ba, irin wanda ake yi wa ɓarawon da ba a kama da kaya a hannu ba.

“Wa ke cewa zai kashe ta a gidan nan?”

“Ba mai cewa, Malam. Ga hannuna ka gani, ka tambayi wa ke kashe wa.”

Ya miƙe ya tura kekensa ya tafi. Amma daga ranar ya daina jiran Lahadi, sai dai kawai mu ji ƙararrawar kekensa a ƙofa ranar da ba mu zata ba, ya shigo yana duba kwanon abincinta.

Sai kuma ta tsiro da wata ɗabi'a da ta fi duka tayar da hankali. In tsofaffi sun kwanta bayan azahar, sai ta ja jiki ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta kara bayan hannunta a hancin wannan, ta ɗora kunne a ƙirjin waccan, ta matsa babban yatsan ƙafa, in mai barci ta motsa sai ta gyaɗa kai ta wuce. Wata maƙwabciya da ta shigo ɗibar wuta ta gani da idonta. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka: an kawo mayya Gidan Tsofaffi, tana bi tana lasar kurwa. Yara suka daina shigo mana aike. 'Ya'yan sauran tsofaffin suka aiko wa Inna cewa ko a fitar da ita ko su kwashe nasu. Ba zan ɓoye muku ba, ni kaina na daina juya mata baya.

Yaya Rabi ce ta kawo shawara. Akwai wani malami a wani ƙauye kan hanyar Zariya da ake kai wa masu taɓin hankali, yana sa su a turu yana ba su rubutu. Ku ba ku san turu ba. Gungumen itace ne da aka huda, a zura ƙafar mutum a buga ƙusa, nan zai ci, nan zai kwana, nan zai yi komai. Na taɓa ganin ƙato majiyi ƙarfi a ciki, ƙafar ta ruɓe. Tsohuwa mai gwiwa irin ta Iya ba za ta ga sabon wata a turu ba, kowa a wurin ya san haka, ba wanda ya faɗa. Inna ta yarda don gidanta na neman watsewa. Babanku ya ce a bari ya sami motar da za ta bi hanyar. Ni haushin Iya nake ji, hannuna bai ma gama warkewa ba, amma da na tuna ƙafar mutumin nan sai na ji ba na so mata haka.

Ana cikin jiran mota Kaka Yalwa ta rasu. Ita ce mafi tsufa a gidan, ta daɗe tana jinya, ta cika da safe ana yayyafi. Mata suka taru, ina jin raɗa tana yawo cewa mayya ta ci ta farko. Aka aika kiran matar da ke wankan gawa a unguwar, aka ce ta tafi Kano suna. Aka tsaya cirko-cirko, kowa na tura kowa. Inna ta taɓa gani amma ba ta taɓa yi ba. Ta dai shimfiɗa tabarma a makewayi, aka kwantar da Kaka Yalwa, aka nemi abin rufe ta. Likkafani bai iso ba, sai na buɗe akwatin Iya na ɗauko farin zane. Ƙamshin kafur ya tashi. Sai muka ji murya a bayanmu, tsayayya, ba irin wadda muka sani ba.

“Ku dakata. An duba ta?”

Iya Tasalla ce, ta rarrafo har bakin makewayi. Mata suka ja da baya suna salati. Ba ta ko dube su ba. Ta kara bayan hannu a hancin mamaciyar, ta ɗora kunne a ƙirji, ta daɗe, ta matsa babban yatsan ƙafa. Sannan ta ɗago.

“Wagga ta tahi. Ɗiyata, ruwa. A samo ganyen magarya. Ke, ba ni ƙyalle in naɗe hannu. Duk wadda ba ta da aiki ta hita, kuma ban son jin bakin kowa.”

Matar da ba ta san sunan ɗanta ba, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ni ce mai zuba mata ruwa. Ta yi wa Kaka Yalwa alwala da hannunta. Ta wanke dama, ta wanke hagu, zane bai taɓa zamewa ba. A ruwan ƙarshe ta ce a marmasa kafur. Ina tsugune riƙe da ƙoƙo sai na dubi tabarmar, na dubi farin zanen, na ji shirun da ke wurin, a take na gane. Tabarmar ce muke kwantar da Iya Tasalla a kai. A nan, haka, da wannan ƙamshin, muna yi mata alwala ba mai cewa uffan. Duk ranar wanka, a wurinta, gawarta muke wankewa tana ji tana gani, ba wanda ya ko duba hancinta. Da ni ce ma sai na ciji mutum.

Da yamma Yaya Rabi ta zo gaisuwa, na tare ta a zaure gaban ƙanenta.

“Yaya, daddawa kika ce tana sayarwa.”

Ta haɗe rai. “Ta sayar mana.”

“Wankan gawa fa?”

Babanku ne ya amsa, murya ƙasa. “Duk macen da ta mutu a unguwarmu ita ke wanke ta, tun ban san kaina ba.”

“To me ya hana ku faɗa?”

“Da mun faɗa za ku karɓe ta?” in ji Yaya Rabi. “A can gida ma akwai waɗanda ba sa cin abin hannunta. Mijina da ya ji, cewa ya yi ba za ta ƙara taɓa masa tulu ba. Ke har kin isa ki tuhume ni?”

Ban biye mata ba. Na gaya musu abin da na gani, na ce a ba ni wanka ɗaya kafin a kira mota, ni kaɗai, ba mai danne ta. In ta taɓa ni su tafi da ita. Inna ta ce ko na manta da hannuna. Yaya Rabi ta ce za ta zauna ta gani da idonta, don ba ta yarda da ni ba.

Washegari da rana ta ɗaga na fito da akwatin na zazzage shi a can bayan gida, na tsince kafur ɗin kaf na zuba a masai. Na ɗauko zanena na atamfa ja mai manyan furanni, wanda na yi amarci da shi. Ban je makewayi ba. Na kafa zana a kusurwar tsakar gida inda rana ke bugawa, na ajiye kujera 'yar tsuguno, na sa mata matashi ta jingina da bango. Sai na buɗe baki na yi ta zuba kamar 'yar talla.

“Iya Tasalla! Tashi, yau kasuwa. Dubi ƙafarki, kaushi kamar bayan kada, wane saurayi zai kalle ki haka?”

Ta harare ni. “Ja'ira. Ni da na yi miji tun uwarki na goyo.”

Na zaunar da ita, na ɗaura mata jan zanen, na miƙa mata ƙoƙo a hannunta. Na sa sabulun salo da soso a gabanta. Ta dubi ruwan, ta dube ni, na ga hannunta ya dunƙule. Na ja baya kaɗan na ci gaba da surutu, na ce ruwan ya yi zafi ne ko sai na sirka, ita ce babba ita ta sani. Ta tsoma yatsa.

“Ƙara na sanyi. Ba ki iya komi ba.”

Ita ta fara zuba wa kanta. Na cuɗa mata baya ina yi mata waƙar daka tana gyara mini inda na ɓata. Da muka gama na ajiye mata buta ta yi alwalarta da kanta, ta wanke hannu ɗaya ya fi a ƙirga, ban hana ta ba. Na shafa mata man shanu a ƙafa. Ko yakushi babu. Na juyo ina jiran Yaya Rabi ta ce madalla, sai na ga ta ƙura mini ido, fuska ba annuri.

“Me kika ba ta?”

“Ruwa da sabulu, Yaya. A gabanki aka yi.”

“Uwata ce, na fi ki saninta. Mata huɗu ba su iya ta ba, ke kaɗai ki iya? Ruwa ba ya tsami banza. Wane malami ya ba ki?”

Asirin da kuke ji ke nan, daga nan ya samo tushe. Na daɗe ina jin haushinta. Sai da na tsufa na gane cewa ya fi mata sauƙi ta ce sihiri ne da ta yarda saura ƙiris ta kai uwarta turu a kan farin zane da kafur.

Babanku bai kira motar ba. Unguwa ba ta daina raɗa ba, mutum ɗaya ma ya zo ya ɗauke uwarsa, Inna ta yi ta mita. Kada kuma ku ɗauka Iya ta warke. Ta sha jifana da kwano, ta sha zagina tas. Amma na koyi hanyarta: ba a zuwar mata ta baya, ba a raɗa kusa da ita, ba a rufe mata fuska ko da sanyi ake, in ta kwanta kuma za a tashe ta sai an kira sunanta da ƙarfi. Zagayen da take yi wa masu barci na bar ta da abinta, har Inna ta saba, in ta ji hannu a hancinta sai ta ce, “Ina nan, Tasalla,” ta juya ta ci gaba da barci. Aurena da babanku sai bayan shekara biyu, kuma shi da bakinsa ya ce mini ba don komai ya fara dubana ba sai don kunyar kallon da ya yi mini a zaure. Yaya Rabi ba ta zo ɗaurin auren ba.

Iya ta rasu a ɗakina ina goyon babbanku. Aka kira mai wanka, na ce ta tsaya ta zuba mini ruwa, ni zan yi. Mata suna ta hanzari, maza suna jira da makara a waje, na ce kowa ya dakata. Na kara bayan hannuna a hancinta. Na ɗora kunne a ƙirjinta, na daɗe, har aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Na matsa babban yatsan ƙafarta. Sannan na karya dokar shiru, na sunkuya na ce mata da ƙarfi yadda take ji, “Iya Tasalla, Dije ce. Na duba ki. Yau kam da gaske ne.” Sai a lokacin na yarda aka buɗe kafur, kuka ya ci ƙarfina.

Yanzu na kai shekarunta, har na ɗara. Shekaranjiya na tsaya a tsakar gida riƙe da buta na rasa inda zan je da ita, na ga kun kalli juna, irin kallon da Yaya Rabi da babanku suka yi wa juna a gaban Inna Kande. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. In ranar ta zo na ɗaga wa ɗayanku hannu, kada ku nemi malami, kada ku zargi mai kula da ni. Ku duba abin da kuka shimfiɗa mini. Jan zanen yana nan a ƙasan adakata, ya koɗe amma bai yage ba. Ku zaunar da ni a rana, ku ba ni ƙoƙon a hannuna, ku yi ta yi mini surutu don in san da sauran raina.